Shiga Birni Kallon Hawan Sallah a Bazara: Jagora Ga Mutumin Karkara

A ƙauyenmu, da zarar an gama sharar gona an kai taki, sai aiki ya yi sauƙi. Rana ta buɗe, ƙasa ba ta takuwa da tsakar rana, mangwaro ya nuna, kowa yana duban gabas yana jiran hadari. Daga Maris zuwa Mayu ke nan, bazara, kuma shi ne lokacin da manomi zai iya barin gida kwana biyu ba tare da ciyawa ta cinye masa gona ba. A 'yan shekarun nan kuma sai sallah ta riƙa faɗowa cikin wannan tsakanin. Ƙaramar sallah ta 2023 an yi ta ranar 21 ga Afrilu, ta 2024 ranar 10 ga Afrilu, ta 2025 ranar 30 ga Maris. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, don haka ƙarama tana ja baya zuwa ƙarshen sanyi, babba kuma, wadda aka yi ranar 6 ga Yuni a 2025, tana shigowa Mayu, daga baya ta kai Afrilu. Ta kowace fuska dai, shekaru masu yawa za mu yi muna kallon hawa cikin zafi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda nake ganin mutanenmu suna shiga birnin Kano ranar hawa a ɗarare, kamar waɗanda suka je bikin da ba a gayyace su ba. Su tsaya inda ba a ganin komai, rana ta gasa su, su dawo da ciwon kai da ƙura a ido, in ka tambaye su me suka gani su ce dawaki. Alhali rabin hawan nan daga wurinmu yake fita. Hakimin ƙasarmu da dagatansa suna cikin jerin. Dokin da za a yi wa tafi a Ƙofar Kudu, wato filin ƙofar gidan Sarkin Kano, harawarmu da dusarmu da dawarmu ya ci. Yaron da ke riƙe da linzami wataƙila ɗan maƙwabcinka ne. Mai abu ba ya zuwa kallon abinsa a makance, sai da shiri.

Da farko, tabbatar za a yi hawan

Kada ka ɗaure kaya sai ka ji da kunnenka. A 2020 ba a yi hawa ba saboda annobar korona. A babbar sallar 2024 da ƙaramar sallar 2025 kuma 'yan sanda sun dakatar da hawa a Kano saboda dalilan tsaro da suka shafi taƙaddamar masarauta. Sanarwa irin wannan takan fito ne kwana biyu ko uku kafin sallah, wani lokacin ma ana jajibiri. Saboda haka ka kasa kunne ga Rediyon Kano ko Freedom ko Rediyon Jigawa tun daga kwanakin ƙarshe na azumi, ko tun shigowar watan layya. Hanya mafi sauƙi a wurinmu ita ce gidan dagaci. In an aiko masa ya shirya dawaki, ka ga ana wanke kayan doki ana shanya jalala a kan danga, to magana ta zauna. Abin da aka turo a WhatsApp kada ka gina tafiyarka a kansa sai ka ji shi a rediyo.

Zaɓi ranarka, don ba duka za ka iya gani ba

Hawan Kano ba na yini ɗaya ba ne. Ranar sallah ana hawan idi: Sarki yakan tafi filin idi na Ƙofar Mata a ƙasa, in an idar ya hau, ya bi ta cikin gari, ya tsaya a Gidan Shettima su gaisa da gwamna, sannan ya koma gida. Washegari da yamma hawan Daushe, inda Sarki yake zuwa gaida Mai Babban Ɗaki, wato mahaifiyarsa, ya zagayo unguwanni ya dawo Ƙofar Kudu a yi jafi, wato sukuwar da mahaya suke yi su gaida Sarki. Labarin da ake bayarwa shi ne wani bawan Sarki mai suna Daushe ne rashin lafiya ta hana shi hawan sallah, aka sake hawa washegari dominsa, abin ya zauna. Rana ta uku da safe hawan Nasarawa, Sarki ya fita wajen ganuwa, ya je gidansa na Nasarawa da gidan gwamnati, ya ratsa ta Sabon Gari ya gaisa da baƙin da ke zaune a ƙasarsa. Sai na ƙarshe, hawan Ɗorayi ko na Fanisau, gwargwadon wace sallah ce.

Shawarata ga wanda zai taso daga ƙauye: yi idinka a gida. Ka gaida iyaye, ka ci tuwon sallah, in babba ce ka yanka layyarka ka raba. Washegari da sassafe ka kama hanya, ka kalli Daushe da yamma, ka kwana, ka kalli Nasarawa da safe, ka juyo. Daushe shi ne hawan da aka fi ƙure ado, kuma da yamma ake yinsa, rana ta fara sanyi. In da tsoho ko ƙananan yara a tafiyar, Nasarawa ya fi musu sauƙi, don hanyarsa doguwa ce, titunan suna da faɗi, ana samun inuwar da za a raɓa ba tare da turereniya ba.

Masauki da guzuri

Kada ka shiga birni ranar hawa ba ka san inda za ka kwana ba. Kusan kowane gida a karkara yana da wani a birni: ɗan ci-rani, ɗalibi, 'yar'uwa da aka aurar a Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi. Kira shi tun da sauran mako guda, ka faɗi ku nawa ne, don gidan birni ba kamar namu ba ne, ɗaki ƙirge yake, ruwa ma saye ake. Kada ka je hannu rabbana. Ƙwaryar gero, ɗan man shanu, ƙwan zabi in ya samu, kaza ko daddawa, duk abin da ya sawwaƙa. A birni waɗannan abubuwa suna da daraja fiye da yadda muke zato.

Kuɗi kuwa ka raba su uku. Na mota zuwa da dawowa ka ƙulle shi daban a aljihun ciki, kada ka taɓa shi ko me ka gani a kasuwa, kuma ka ƙara wani abu a kai don kuɗin mota yakan hau da sallah. Na abinci da adaidaita ka canza shi ƙanana tun a gida. Na tsaraba shi ne na uku. Kada ka dogara da masu POS, ranar sallah layinsu dogo ne, sabis kuma yakan ɗauke inda jama'a suka yi yawa.

Zafin Kano a Afrilu ba abin wasa ba ne, yakan kai digiri 40, kuma zafin kwalta da bango ya fi na fili cin jiki. Ka sa kaya masu haske marasa nauyi. Malafar da kake zuwa gona da ita ta fi kowace hula amfani a ranar, kada ka ji kunyar ɗaukarta. Takalmi ya zama mai kama ƙafa, don silifa tana tsinkewa a cikin turmutsitsi, in ta fita kuma ba mai barinka ka sunkuya. Gorar ruwa ga kowane mutum, da ɗan ƙyalle na rufe hanci in ƙura ta tashi. Wanda yake da hawan jini ko asma ya taho da maganinsa, ya kuma nisanci inda 'yan bindiga suke.

Shiga gari

Mu da ke gabas, ta Gezawa muke bi mu shigo ta Yankaba. Mutanen Wudil da Gaya da Dutse da Birnin Kudu ta Mariri suke shigowa. Na Dambatta da Kazaure su biyo ta Kurna zuwa Ƙofar Ruwa, na Gwarzo ta Kabuga, na Kura da Rano ta titin Zariya. Ko ta ina ka shigo, ka yi ƙoƙari ka kasance cikin gari kafin ƙarfe goma na safe. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, don haka adaidaita sahu za ka hau. Yi ciniki kafin ka shiga, ka kuma tambaya ko na kowa da kowa ne ko shata, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka sani kuma ranar hawa ana rufe titunan da ke kewaye da gidan Sarki tun da rana, mai adaidaita zai sauke ka nesa, sauran tafiyar a ƙafa ce. In ya ce maka, "Alhaji, nan ne iyakata, an tare gaba," ba wayo yake maka ba.

Ka fara sauka a masauki, ka ajiye kaya, ka ci abinci mai riƙe ciki, ka yi azahar. Daga nan ka nufi cikin gari da abin da ba za ka yi kuka ba in ya ɓata.

Inda za ka tsaya

Nan ne mafi yawan mutanenmu suke yin asara. Kowa ya ji ana cewa Ƙofar Kudu, sai ya nufi tsakiyar filin, inda jama'a suka fi matsuwa, dogarai da 'yan sanda suna kora, dawaki suna zuwa a guje. Rumfar da ke wurin ta manyan baƙi ce masu katin gayyata. In kana son ganin jafi dole ka kasance a filin, amma ka je da wuri, tun bayan azahar, ka nemi gefe, bayanka ya jingina da bango ko wani abu mai ƙarfi, ka kuma lura da lungun da za ka bi in an watse. Ka duba inda rana za ta faɗi ka ba ta baya, in ba haka ba da la'asar hasken zai cika maka ido, inuwar mahaya kawai za ka riƙa gani.

In kuwa ado kake son gani da kyau, bar filin. Nemi wani wuri a kan hanyar da jerin yake bi ta cikin unguwanni, inda titi ya ɗan tsuke, dawaki suna tafiya a hankali. Mutanen unguwa sun san ta inda ake wucewa da lokacin da ake isowa. Yi sallama a wata majalisa, ka ce kai baƙo ne daga ƙasa kaza, ka zo da yara kallo. Shekarar da na fara yin haka, wani dattijo ne a ƙofar gidansa ya dube ni ya ce, "Ɗana, kawo yaran nan su hau dakali, kai ka tsaya nan kusa da ni. Wane ne hakiminku?" Na faɗa masa. Ya ce, "To ai sai bayan mutum shida zai iso, in ka ji algaitarsa za ka gane." Na ce, "Baba, ta ina zan gane?" Ya ce, "Kai dai saurara." Daga wannan dakalin na koyi yawancin abin da zan faɗa a ƙasa.

Yadda ake karanta hawa

Hawa ba tarin dawaki ba ne, jeri ne mai ƙa'ida, kowa da gurbinsa. Hakimai da masu sarauta suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jama'arsa, Sarki kuma yana zuwa daga ƙarshe. Kowace tawaga takan zo da launin kayanta, don haka abu na farko da za ka koya wa idonka shi ne gane inda tawaga ta ƙare wata ta fara. Gaba 'yan ƙasa ne da makaɗa, sai mahaya, sai shi mai sarautar a tsakiya, zagage suna riƙe da dokinsa, maroƙi yana gefe yana zuba kirari. Ka saurari maroƙin. Shi ne zai gaya maka sarautar mutumin da gidan da ya fito, ko Madaki ne, ko Makama, ko Sarkin Bai, ko Sarkin Dawaki Mai Tuta, waɗanda su ne masu zaɓen Sarki a Kano, ko kuwa Galadima ne, ko Wambai, ko Ciroma, ko Turaki daga cikin 'ya'yan sarki.

Sannan ka dubi rawani. Mai kunne biyu a sama alama ce ta jinin gidan sarauta. Dubi amawalin da ya rufe baki, da alkyabbar da aka yafa a kan riga, da aikin da ke wuyanta. Daga nan ka sauke ido kan dokin, don a nan dukiyar take: sirdi da likkafa, jalalar da aka shimfiɗa, adon goshi da na ƙirji, linzamin da aka yi wa tuntu. Mu da muka san doki a turke mun fi ɗan birni gane wanda aka yi wa kiwo na gaskiya da wanda aka aro jiya. Dubi gashinsa, dubi yadda yake ɗaga ƙafa in an buga ganga, dubi ko mahayin yana zaune ne a sirdi ko sirdin ne yake riƙe da shi.

'Yan lifidi za ka gane su da rigar auduga mai kauri da aka lulluɓe su da ita har dokin, da kwalkwali a ka. 'Yan sulke suna sanye da rigar ƙarfe mai ƙananan zobba. Waɗannan kayan yaƙi ne na gaske, da su aka riƙa tare kibiya da mashi, kuma in ka tuna irin zafin da ake ciki za ka san mutumin da ke cikin lifidin nan yana ba da wani abu daga jikinsa don a ga tarihi da ido. Ni duk shekara su nake fara nuna wa yara. Akwai 'yan baka, akwai 'yan tauri masu gwada wuƙa a jiki ana yi musu kiɗa. Su kam a kalle su daga nesa.

Kunne ma yana da nasa karatun. Algaita da ganguna suna tare da hakimai, amma kakaki da tambari na Sarki ne. In ka ji ƙarar bindigogin gargajiya ta ƙaru, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, sannan ka ji doguwar muryar kakaki ta ratsa hayaniyar, to ka ɗaga yaro a kafaɗa. Za ka fara ganin dogarai cikin ja da kore, da dawakan zage da ake ja ba kowa a kansu, an yi musu ado kamar amare. Sai laima tana juyawa a sama, ana kaɗa figini na gashin jimina, ga tagwayen masu, alamar sarautar Kano. Jama'a su ɗaga hannu a dunƙule suna jinjina, mata su rangaɗa guɗa daga saman soraye. Kai ma ka yi jinjina, haka ake gaisuwa a wurin.

Jafi shi ne ƙarshe. Sarki ya tsaya a Ƙofar Kudu, mahaya su ja baya can ƙarshen fili, su jeru sahu, su saki dawaki a guje. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Sai sun zo dab da shi su ja linzami gaba ɗaya, dawakin su turje, ƙafafun baya su nutse cikin rairayi, kumfa tana zuba daga baki, mahayan su ɗaga hannu ko takobi su yi jinjina, su karkata gefe wasu su taho. Asalin abin mubaya'a ce da nuna shirin yaƙi: ga dawakinmu, ga mutanenmu, muna tare da kai. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa, amma wanda ya tsaya a filin nan ƙura ta bule shi ba ya buƙatar a gaya masa girman abin.

Yara, waya, da lokacin janyewa

Wata shekara ɗan ƙanena mai shekara bakwai ya saki hannuna daidai lokacin da aka harba bindiga jama'a suka motsa. Kusan awa guda ina nemansa, ban san irin addu'ar da ban yi ba. Wata mai sayar da zoɓo ce ta riƙe shi a gindin robarta har na iso. Tun daga ranar, duk yaron da zan fita da shi sai na rubuta sunan ƙauyenmu da lambar wayata a takarda na sa masa a aljihu na maƙale da fil, na kuma nuna masa wani wuri fitacce, kamar ƙofar babban masallaci, na ce in mun rabu ya tsaya nan kada ya motsa. Babba ɗaya kada ya riƙe fiye da yara biyu. Mai goyo da mai tsohon ciki su nemi soro ko dakali, kada su shiga fili.

Ƙwacen waya gaskiya ne a birni, kuma taro irin wannan yana jawo masu yinsa. Kada ka ɗaga waya sama a cikin cunkoso. In hoto kake so, ɗauka daga inda ka jingina da bango, ka mayar da ita aljihun gaba. In ka ga gungun samari da makamai suna ihu, ko ka ga mutanen unguwa sun fara shigar da 'ya'yansu gida, kada ka tsaya tambaya, bi bayansu. Kada ka tsallaka titi tsakanin tawaga da tawaga, kada ka tsaya bayan doki. Da Sarki ya shiga gida ka kama hanya, ka yi magariba a masallacin da ke kusa da masaukinka, don bayan watsewa ne rigima takan tashi, adaidaita kuma ya yi wuya.

Abin da za ka gani tsakanin hawa da hawa

Tunda ka riga ka biya kuɗin mota, kada ka tsaya a dawaki kaɗai. Tsakiyar birnin duk a kusa yake, ana zagaya shi a ƙafa in da sanyin safiya ne. Gidan Makama yana dab da gidan Sarki. A nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne. A ciki akwai kayan yaƙi, da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. In ka kai yaro ya ga sulke a rataye da safe, sannan ya gan shi a jikin mutum a kan doki, ba zai manta ba. Ka dubi ginin kansa ma, daurin guga da azara da kaurin bango, ka ji yadda ɗakin yake da sanyi ana tsakiyar bazara ba fanka. Maginanmu na ƙauye suna da abin ɗauka a nan. Da yake ranakun sallah hutu ne, sa ɗan'uwanka na birni ya bincika maka ko a buɗe yake kafin ku taso.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta tun 1498, tana nan ana aiki. Ramuka ne masu zurfi a ƙasa, an haɗa baba da toka da katsi an bar su sun yi kwanaki sun nuna. Ka tsaya ka ga marini yana tsoma zane yana ɗagowa. Da ya fito ruwan kore-kore yake, iska tana bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya yi duhun da ake so. Hannun mutumin ya rine har gwiwar hannu. A gefe za ka ji ƙarar 'yan bugu suna dukan shadda a kan gungume, su biyu suna amsa wa juna kamar kiɗa. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, in ka samu hali ka sayi ko ɗan ƙaramin ƙyalle.

Kasuwar Kurmi ma tun zamanin Rumfa take. Lungunanta a tsuke suke, amma a nan za ka ga inda kayan dokin da ka gani jiya suke fitowa: dukawa, masu sirdi, masu tuntu, masu takobi da kube. Ranar sallah da washegari yawancin rumfuna a rufe suke, sai rana ta uku ko ta huɗu suke fara buɗewa. Daga Kurmi ba nisa zuwa Jakara, inda gurasa take, ka sayi bandashe ku ci da zafinsa. Dutsen Dala kuwa a hau shi da sassafe ko bayan la'asar, akwai matakala. Daga sama za ka ga birnin gaba ɗaya, da Goron Dutse, da ragowar ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu. Gidan Ɗan Hausa yana Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, in ka je hawan Nasarawa kana kusa da shi. Gidan zu na Audu Baƙo yara suna sonsa, amma da sallah cikar da yake yi ta wuce misali. In za ku je, ku je da an buɗe ku fito kafin azahar.

Da yamma kuma akwai dambe, a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Mu mun san dambe a fagen kaka, amma na birni da tikiti ake shiga, 'yan wasa sun kasu ɓangarori irin Kudu da Arewa da Guramada, ana turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi, kalangu yana tashi. Wannan na manya ne, kada a je da yara, kuma ka tafi tare da ɗan gari. Mawaƙa da 'yan fim ma sukan shirya wasannin sallah a wuraren taro, ana sanarwa a rediyo. Ni dai ban cika ba baƙo shawarar su ba, don sukan kai dare, kuɗin shiga kuma ya isa tsarabar gida guda.

In kai mutumin Jigawa ne

Ba dole sai ka zo Kano ba. Jigawa tana da masarautu biyar, Dutse da Haɗejia da Gumel da Kazaure da Ringim, kowacce tana hawan sallah da hawan bariki. Duk abin da na faɗa game da karanta jeri da wurin tsayawa da riƙon yara yana aiki a can. Ribar da ke ciki ma ita ce cunkoson bai kai na Kano ba, kana iya matsawa kusa ka ga aikin alkyabba da idonka, ka ji kirarin dagacinku da kunnenka, ka kuma kwana a gidanka. Wanda bai taɓa kai iyali kallon hawa ba, ya fara da masarautarsa, shekara mai zuwa ya gwada Kano.

Komawa gida

Da an gama hawan Nasarawa, wajen hantsi zuwa azahar, koma masauki ka yi sallama da masu gida, ka sa wa yaransu barka da sallah a hannu. Ka kasance a tasha kafin la'asar, don motocin ƙauye suna ƙarewa da wuri, wadda ta rage kuma takan yi lodin da ya wuce ƙima. In ka ga direba ya cusa mutane har bayan but, haƙura ka jira ta gaba. In babbar sallah ce ta ƙarshen Mayu, ka riƙa duban gabas tun kana tasha: hadarin farko yakan zo da iska mai ƙarfi da yamma, hanyar burji ta ɓaci, kuma in ruwan ya sauka da daren nan, da asuba kana buƙatar kasancewa a gona da irinka a hannu.